BABI NA UKU: JIRAGEN GWAJIN HARBI MARASA MATUƘA A RUNDUNONIN SOJAN RUWA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan jiragen sama marasa matuƙa gaba ɗaya. A wannan babi kuwa za a keɓe nau'i guda daga cikinsu, wato jiragen da ake ƙerawa musamman domin sojojin ruwa su riƙa harbinsu a wajen horo da gwajin makamai. Za a kawo ma'anar wannan jirgi, da dalilin samuwarsa, da taƙaitaccen tarihinsa. Daga nan sai a dubi yadda ake aiki da shi, da ire-irensa, da kuma matsalolin da ke tattare da shi. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, sakamakon kowane gwaji ya dogara ne a kan yadda jirgin da aka harba ya yi kama da makamin abokin gaba na haƙiƙa.

3.1 Ma'anar Jirgin Gwajin Harbi

Jirgin gwajin harbi jirgin sama ne wanda babu mutum a cikinsa, ana sarrafa shi daga nesa ta hanyar rediyo, ko kuma a tsara masa hanyar da zai bi tun kafin ya tashi. Aikinsa shi ne ya kwaikwayi jirgin yaƙi ko makami mai linzami na abokan gaba, ya tunkari jirgin ruwa, domin ma'aikatan jirgin ruwan su gano shi, su auna shi, su harbe shi.

Kafofin yaɗa labarai na Hausa sukan kira irin waɗannan jirage da "jirgi maras matuƙi", wasu kuma su ce "kurman jirgi". Sai dai waɗannan sunaye sun haɗa har da na leƙen asiri da na kai hari. A Hausa akwai kalmar "bara" mai ma'anar auna abin da za a harba, amma da yake a rubuce tana iya rikicewa da barar roƙo ko shekarar da ta wuce, sai aka zaɓi a yi amfani da "jirgin gwajin harbi" a wannan aiki.

3.2 Dalilin Samuwar Jirgin

Tun daga lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya aka fahimci cewa jirgin sama zai zama babbar barazana ga jiragen ruwan yaƙi. Saboda haka aka girke bindigogin kakkaɓo jirage a kansu. Amma mallakar bindiga daban, iya harbi da ita daban. Hanyar da aka fara bi wajen koyar da masu harbi ita ce, a ɗaura wani dogon ƙyalle mai kama da hannun riga a jikin waya, jirgin sama mai matuƙi ya riƙa jan sa a baya, su kuma su yi ta harbin ƙyallen.

Wannan hanya tana da naƙasu guda biyu. Na farko, ƙyallen yana tafiya ne a miƙe kuma a hankali, ba ya kaucewa, ba ya kuma yin shawagi ya kawo sura kamar yadda jirgin abokin gaba zai yi. Wanda ya ƙware a harbin ƙyalle zai ɗauka ya iya, alhali kuwa bai iya ba. Na biyu, ran matuƙin da ke jan ƙyallen yana cikin haɗari. Alal misali, a watan Yuni na 1996, a wani atisayen haɗin gwiwa a Tekun Fasifik, bindigar jirgin ruwan Jafan mai suna Yugiri ta bar abin da ake ja, ta harbo jirgin Amurka samfurin A-6 da ke jan sa. Mutane biyun da ke ciki sun yi tsalle da lema, aka tsamo su daga teku da ransu. Waɗannan dalilai ne suka sa aka nemi abin da zai tashi kamar jirgi na sosai, a harbe shi ba tare da an yi asarar rai ba.

3.3 Taƙaitaccen Tarihi

3.3.1 Birtaniya

Birtaniya ce ta fara cin nasara a wannan fage. A farkon shekarun 1930 aka ɗauki jirage 3 masu sauka a kan ruwa, ƙirar kamfanin Fairey, aka sanya musu na'urar sarrafawa ta rediyo, aka kira su Fairey Queen. Biyu sun faɗi tun a wajen tashi. Na ukun kuwa, a farkon 1933 aka tashe shi a gaban jiragen ruwan yaƙin Birtaniya, suka shafe kimanin sa'o'i 2 suna yi masa ruwan wuta, amma ya sauka lafiya. Wannan abu ya tayar wa manyan hafsoshi da hankali, domin ya nuna musu cewa kariyar da suke taƙama da ita ba ta kai yadda suke zato ba.

A 1935 aka fito da wani jirgin, ƙirar kamfanin de Havilland, mai suna Queen Bee. Ma'anar sunan ita ce sarauniyar ƙudan zuma, wadda Hausawa ke kira sarkin zuma. An yi gangar jikinsa da katako, ana cilla shi daga kan jirgin ruwa, idan kuma ya tsira daga harbi sai a saukar da shi a kan ruwa a sake amfani da shi. An ƙera kimanin guda 400.

3.3.2 Amurka

Babban hafsan sojan ruwan Amurka na lokacin, Admiral William Standley, ya ga yadda ake aiki da Queen Bee a wata ziyara da ya kai Ingila. Da ya koma gida sai aka ɗora wa wani hafsa mai suna Delmer Fahrney alhakin samar da irinsa a 1936. Shi ne ya laƙaba wa jiragen nasa kalmar Ingilishi "drone", wadda asalin ma'anarta namijin ƙudan zuma ne, domin tunawa da sarauniyar zuman Birtaniya. Ke nan sunan da duniya take kiran duk wani jirgi maras matuƙi da shi a yau, daga jirgin gwajin harbi ya samo asali. A 1938 aka gwada masu harbi na jirgin ruwa USS Ranger da irin wannan jirgi, su ma suka kasa kakkaɓo shi.

Ba a daɗe ba yaƙi ya tabbatar da abin da gwaji ya nuna. A ranar 10 ga Disamba, 1941, jiragen saman Jafan suka nutsar da manyan jiragen ruwan Birtaniya guda biyu, Prince of Wales da Repulse, a gaɓar Malaya. Daga nan sai neman mafita ya ƙara ƙaimi. An ƙirƙiro wani harsashin igwa mai ɗauke da ƙaramar na'urar rediyo a hancinsa, wanda yake fashewa da zarar ya kusanci jirgi, ba sai ya taɓa shi ba. A watan Agusta na 1942 aka gwada shi a kan jirgin ruwa USS Cleveland a mashigin Chesapeake. An shirya gwajin na kwana 2, amma a ranar farko ya ƙare, saboda an harbo duk jiragen gwaji 3 da aka tanada. A nan za a ga fuska biyu ta amfanin wannan jirgi: shi ne ya tona asirin raunin tsohon makami, shi ne kuma ya ba da shaidar ingancin sabo.

Har wa yau a lokacin yaƙin, kamfanin Radioplane na Reginald Denny, wani ɗan wasan fim haifaffen Ingila da ke zaune a Amurka, ya ƙera ƙananan jiragen gwaji kusan 15,000 domin horar da masu harbi. Bayan yaƙi kuma aka riƙa mayar da tsofaffin jiragen yaƙi, irin su Hellcat, su zama marasa matuƙa.

3.3.3 Zamanin Makamai Masu Linzami

Da injin jet ya yaɗu, sai jiragen gwaji su ma suka koma amfani da shi. Firebee na kamfanin Ryan ya fara tashi a 1951, Jindivik na Ostireliya kuma a 1952. Amma abin da ya sauya al'amarin baki ɗaya shi ne zuwan makami mai linzami na kai wa jirgin ruwa hari. A ranar 21 ga Oktoba, 1967, ƙananan jiragen ruwan Masar suka nutsar da jirgin Isra'ila mai suna Eilat da makamai ƙirar Tarayyar Sobiyet, mutane 47 suka mutu. A ranar 4 ga Mayu, 1982, a yaƙin tsibiran Falkland, makamin Exocet ƙirar Faransa da Ajantina ta harba ya sami jirgin Birtaniya HMS Sheffield, mutane 20 suka mutu. Haka kuma a ranar 17 ga Mayu, 1987, Exocet guda 2 daga wani jirgin saman Iraƙi suka faɗa wa USS Stark a Tekun Fasha, suka kashe sojoji 37. Tun daga wannan zamani babban aikin jirgin gwajin harbi ya koma kwaikwayon irin waɗannan makamai.

3.4 Yadda Ake Aiki da Jirgin

3.4.1 Tashi da Sarrafawa

Akasarin waɗannan jirage ba su buƙatar filin tashi. Akan ɗora jirgin a kan wani karkataccen ƙarfe a bakin teku ko a kan jirgin ruwa, a kunna injinsa, sai ƙananan rokoki da aka maƙala masa su cilla shi sama, su kuma su rabu da shi su faɗi. Wasu kuwa babban jirgin sama ne yake ɗaukar su a ƙarƙashin fiffikensa ya sake su. Mai sarrafawa yana zaune a tasha, yana ganin gudun jirgin da tsayinsa da inda ya dosa, yana kuma iya sauya masa hanya.

3.4.2 Shigar Burtu

Jirgin gwaji yawanci ƙarami ne, bai kai jirgin da yake kwaikwayo girma ba. Saboda haka akan yi masa abin da za a iya kira shigar burtu. Kamar yadda maharbi yake ɗaura kan burtu a goshinsa domin namun daji su ɗauka tsuntsu ne, haka ake sanya wa jirgin kayan da za su yaudari na'urori. Jirgin ruwa yana gano abin da ke tafe ne da na'urar rada, wadda take aika igiyar rediyo ta bugi abu ta dawo. To, sai a sanya wa ƙaramin jirgin wata na'ura da ke ƙara ƙarfin igiyar da ke dawowa, ya bayyana tamkar babba. Akwai makaman da zafin inji suke bi; saboda su akan kunna wuta mai tsananin zafi a bakin fiffiken jirgin. Haka kuma akan sanya masa na'urar da ke fitar da irin siginar da makamin abokin gaba yake fitarwa idan yana neman jirgin ruwa, da wadda take rikita rada, da kuma hayaƙi domin masu kallo da ido su gan shi.

3.4.3 Auna Sakamako

Ba kowane gwaji ne ake son a tarwatsa jirgin ba, domin yana da tsada. Sau da yawa akan cire abin fashewa daga makamin da za a harba, a sa na'urar aiko da bayanai a madadinsa. Shi kuma jirgin gwajin yana ɗauke da na'urar da ke auna tazarar da makamin ya wuce shi da ita. Idan tazarar tana cikin iyakar da fashewa za ta yi lahani, sai a ƙidaya cewa an same shi. Wani lokaci ma jirgin gwajin ne yake jan wani ƙaramin abin harbi a bayansa da waya, domin shi kansa ya tsira.

3.4.4 Ɗauko Jirgin

Idan aiki ya ƙare, sai a kashe injin, lema ta buɗe, jirgin ya sauka a kan ruwa yana yawo. Daga nan kwale-kwale ko jirgi mai saukar ungulu ya je ya ɗauko shi. Akan wanke shi da ruwan daɗi nan da nan, saboda gishirin teku yana cin ƙarfe, sa'annan a duba injin a shirya shi domin wani tashin.

3.5 Ire-Iren Jiragen

Za a iya kasa waɗannan jirage gida uku ta la'akari da gudunsu.

Kashi na farko su ne ƙanana masu arha, irin su Banshee na Birtaniya, wanda aka fara yi a shekarun 1980 da injin farfela, daga baya aka fito da mai injin jet. A watan Satumba na 2021 an tashi samfurin jet ɗin daga kan jirgin ruwa mai dakon jiragen sama, HMS Prince of Wales.

Kashi na biyu su ne masu injin jet waɗanda gudunsu ya kusa na sauti. A cikinsu akwai Chukar na kamfanin Northrop, wanda sojan ruwan Amurka suka fara amfani da shi a ƙarshen shekarun 1960. Sunansa na wata irin makwarwa ce da ake farauta. Daga baya BQM-177A na kamfanin Kratos ya maye gurbinsa, wanda yake iya tafiya 'yan mitoci kaɗan a saman ruwa. Akwai kuma Mirach na Italiya da Lakshya na Indiya.

Kashi na uku su ne waɗanda suka fi sauti gudu. A nan ne za a ga muhimmancin kamanni. Saboda duniya a dunƙule take, radar jirgin ruwa ba ta hango abin da yake tafe dab da ruwa sai ya zo kusa, a ce misali kilomita 30. Makami irin Exocet yana cin kimanin mita 300 a daƙiƙa guda, ke nan zai iso cikin daƙiƙa 100. Amma wanda ya ninka gudun sauti sau biyu da rabi yana cin kimanin mita 850 a daƙiƙa, zai iso cikin daƙiƙa 35 kacal. A cikin wannan ɗan lokaci ne za a gano shi, a tabbatar abokin gaba ne, a yanke shawara, a harba. Ma'aikatan da suka saba da daƙiƙa 100, ba lalle ne su iya da 35 ba.

Domin cike wannan giɓi, Amurka ta fara mayar da tsofaffin makamanta na Talos zuwa abin gwaji mai suna Vandal. Abin mamaki kuma, a tsakiyar shekarun 1990, bayan rushewar Tarayyar Sobiyet, ta sayi makaman Kh-31 daga Rasha ta mayar da su abin gwaji da sunan MA-31, wato ta sayi makamin da take tsoro daga hannun mai shi domin ta koyi kare kanta daga gare shi. Daga bisani ta ƙera nata mai suna Coyote, wanda ya fara tashi a 2004. Shi wannan ba a ɗauko shi. Tashi ɗaya yake yi ya ƙare a teku.

3.6 Matsalolin da ke Tattare da Jirgin

Matsala ta farko ita ce ta kuɓucewa. A ranar 16 ga Agusta, 1956, wani Hellcat maras matuƙi da aka tasa daga sansanin Point Mugu a jihar Kalifoniya ya ƙi jin umarni, ya juya ya nufi wajen birnin Los Angeles. Aka tura jiragen yaƙi 2 su harbo shi. Sun harba rokoki 208, babu ko ɗaya da ta kakkaɓo shi, sai dai gobarar da suka tayar a daji. A ƙarshe mai ne ya ƙare masa ya faɗi kusa da garin Palmdale. Saboda irin wannan ne ake sanya wa jiragen na'urar da za ta kashe injin ko ta tarwatsa su idan sadarwa ta yanke.

Matsala ta biyu ita ce, gwargwadon yadda gwaji ya yi kama da yaƙi, gwargwadon haɗarinsa. A ranar 16 ga Nuwamba, 2013, wani jirgin gwaji samfurin BQM-74 ya kuɓuce ya daki jirgin ruwa USS Chancellorsville a gaɓar Kalifoniya, ya huda shi, wuta ta tashi, sojoji 2 suka sami ƙuna. Gyaran ya ci kimanin dala miliyan 30. A bisa ƙa'ida jirgin gwaji yakan karkata ne tun kafin ya iso, ko ya wuce ta gefe. Amma makamin gaske ba ya karkata. Domin warware wannan, sojan ruwan Amurka sun mayar da wani tsohon jirgin yaƙi mai suna Paul F. Foster zuwa jirgin gwaji a shekarun 2000, wanda ake fitar da mutane daga cikinsa a sarrafa shi daga nesa, yadda za a iya auno wajensa kai tsaye.

Matsala ta uku ta shafi mutanen da babu ruwansu. Akan yi waɗannan gwaje-gwaje ne a keɓaɓɓun wurare, kamar tekun da ke daura da Point Mugu, da tsibirin Kauai na Hawai, da tsibiran Hebrides na Sikotilan, kuma akan sanar da masunta da matuƙan jirage tun da wuri. Idan aka yi sakaci, abin yakan yi muni. A ranar 4 ga Oktoba, 2001, wani jirgin fasinja na Rasha ya faɗi a Bahar Aswad da mutane 78. Masu bincike sun gano cewa makami mai linzami da sojojin Yukren suka harba a wani atisaye a yankin Kirimiya ne ya same shi. Ko da yake atisayen na masu tsaron sararin sama ne, darasin ya shafi sojan ruwa.

Matsala ta huɗu ita ce barazanar kullum sauyawa take yi. Daga watan Oktoba na 2023 jiragen ruwan yaƙi a Bahar Maliya suka fara fuskantar hare-haren 'yan Huthi na Yaman, waɗanda suka riƙa turo jirage marasa matuƙa masu arha da yawa a lokaci guda, ana kakkaɓo su da makamai masu tsadar gaske. Wannan ya ƙara nuna buƙatar jiragen gwaji masu arha da za a iya tasa da yawa tare, da kuma sababbin makamai. Tun a watan Mayu na 2020 jirgin ruwa USS Portland ya harbo wani jirgi maras matuƙi da hasken leza a wani gwaji a Tekun Fasifik.

3.7 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa jirgin gwajin harbi ya samu ne saboda buƙatar sojan ruwa su san gaskiyar ƙarfinsu tun kafin ranar yaƙi, domin Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. An kawo tarihinsa daga Fairey Queen na 1933 zuwa Coyote, da yadda ake tashinsa, da yi masa shiga, da auna sakamako, da ɗauko shi. An kuma ga cewa masu ƙera shi suna tsakanin abubuwa uku ne a kullum: ya yi kama da makamin abokin gaba, ya yi arhar da za a iya asararsa, kuma kada ya cutar da waɗanda ake horarwa. Duk lokacin da aka sassauta na farko domin a sami sauran biyun, gwajin zai ba da sakamako mai daɗin ji, amma sojojin da ke cikin jirgin ruwan ne za su biya bashin daga baya. A babi na gaba za a dubi yadda aka mayar da wasu daga cikin waɗannan jirage zuwa na leƙen asiri da na yaudarar abokan gaba, kamar yadda aka yi da Firebee a yaƙin Biyetnam, da Chukar a yaƙin Tekun Fasha na 1991.